Wasiƙa Daga Kusfa: Mai Son Ganin Birnin Zazzau Ya Yi Hanzari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya da 'yan'uwa masu karatu suka yi ta aiko mini da ita, waɗansu daga Kano, waɗansu daga Sakkwato, har da na Maraɗi da Damagaram. Tambayar kuwa ita ce, in mutum ya yi niyyar zuwa ganin Birnin Zazzau, yaushe ya kamata ya taso, ta ina zai shiga, me zai duba, kwana nawa kuma za su ishe shi? Maimakon in bi kowa da takardarsa, na ga gara in tara amsar wuri guda, kowa ya ɗebi rabonsa. Ni dai akawu ne, sana'ata lissafi da juya takardu, amma a Kusfa nake zaune, cikin ganuwa, abin da zan faɗa kuwa kullum a kansa nake tafe.

Mu fara da lokaci. Kada ka zo da bazara, watau watan Maris da Afrilu, gama rana za ta hana ka yawo, ka ƙare a gindin bishiya kana fifita. Kada kuma ka zo tsakiyar damina, wajen Agusta, sa'ad da lungunan birni ke cika da taɓo, kududdufai su tumbatsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa farkon hunturu, watau Nuwamba zuwa Janairu. Ka riƙo bargo, domin sanyin asubar Zariya ba na wasa ba ne. Wanda ke son ganin dawaki da lifida da 'yan sulke, sai ya auna zuwansa da Salla, ƙarama ko babba, ya ga Hawan Salla, da Hawan Bariki da Hawan Daushe a kwanakin da ke biye. Amma fa ya sani a ranakun nan gari cike yake, masauki sai wanda ya yi tanadi tun da wuri.

Batun hanya kuwa, daga Kaduna wajen mil 50 ne, daga Kano wajen mil 100. Wanda ya fito ta Kaduna ya sauka a Ɗan Magaji, wanda ya fito ta Kano ko ta Funtuwa ya sauka a Kwangila, daga nan keke mai ƙafa uku zai kai shi inda ya nufa. Shawarata ita ce a yi sammako, a iso da rana tsaka, a bar tafiyar dare. Gidajen saukar baƙi na kuɗi yawancinsu a bayan ganuwa suke, wajen Sabon Gari da Kongo da Samaru. Cikin birni kam masaukin baƙo zauren abokinsa ne, kuma in kana da wanda ka sani a ciki, ka fi mai ɗakin haya sa'a, gama shi zai zama maka jagora. Baƙo ko da idonsa makaho ne, matambayi kuwa ba ya ɓata. Kwana uku sun isa, in ba a yi nawa ba.

Ranar farko ta ganuwa ce da abin da ke cikinta. Ka shiga ta Ƙofar Doka, wadda ke fuskantar Tudun Wada, ka tsaya nan kaɗan ka dubi tudun jar ƙasar da ya miƙe dama da hagu. Kewayen ganuwar nan ya kai wajen kilomita 15, watau mil 9 da ɗoriya, kuma da hannu aka tara ta, kwando bisa kwando, ramin da aka haƙa ƙasar ya zama gwalalo a bayanta don tare dawakin abokan gaba. Ƙofofinta, ban da Doka, akwai Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Bai, da Galadima, da Jatau, da Kibo. Mutanen da sun bar fili mai yawa cikin ganuwa da gangan, gonaki da fadamu da rijiyoyi, domin ko an kewaye gari da yaƙi a sami abin ci da abin sha. In ka lura da wannan, ka gane ganuwa dabarar zaman duniya ce ta mutanen da suka san yunwa ta fi mashi saurin karya birni.

Kowa ya zo yakan tambayi labarin Sarauniya Amina. Abin da aka gada a baki shi ne, 'yar Bakwa Turunku ce, wanda aka ce ya hau sarauta wajen 1536, ƙanwarta kuma ita ce Zariya wadda garin ya ci sunanta. Masana sun saɓa a kan zamaninta, gama Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, cikin ƙarni na 15, waɗansu kuwa sun sa ta cikin ƙarni na 16. Amma babu saɓani a kan cewa har yau tsohuwar ganuwa a wurare da yawa na ƙasar Hausa ana kiranta ganuwar Amina. An lissafa sarakunan Haɓe 60 daga Gunguma zuwa Makau. A 1808 Malam Musa, mai tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya ci birnin, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa har Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa bayan 1976, shi kuwa ya koma Suleja. Har yanzu Sarkin Suleja Sarkin Zazzau ake ce masa. To, kun ga mai zuwa Zariya daga Abuja, gida ya komo bai sani ba.

Daga Ƙofar Doka ka bi titi ka wuce Babban Dodo, ka nufi Fada. Ƙofar gidan Sarki abin kallo ce, da zane-zanenta masu launi da zankwayenta a bisa. Gidaje huɗu ne ke sarautar Zazzau tun bayan jihadi, Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa, abin da ba kasafai ake samu a sauran masarautu ba. Marigayi Alhaji Shehu Idris, na gidan Katsinawa, ya yi shekara 45 bisa gado, daga 1975 zuwa 2020. A cikin Oktoba na 2020 aka naɗa Malam Ahmad Nuhu Bamalli, Allah ya ja zamaninsa, sarauta ta komo gidan Mallawa bayan shekara 100, gama rabonsu da ita tun Sarki Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙin nan mai Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Al'adar fadar ce tun da can, ran Alhamis da dare makaɗan Sarki su taru a ƙofar gida su yi sara, da kakaki da algaita da tambari. Wanda ya shirya zuwansa ya kama daren Jumma'a, ya yi dabara.

A nan sai in ja kunnen baƙo. Fada tana da ladabinta. Ka nemi iso wurin dogarai, ka tuɓe takalmi inda ka ga ana tuɓewa, ka rage murya. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum, balle mace, ba tare da izini ba. Gidan mutane iyakarka zaure, sai in maigida ya ce ka shige. Mata baƙi su yi lulluɓi kamar yadda matan gari ke yi. Gaisuwa kuwa ba ta da tsada, amma ita ce mabuɗin kowace ƙofa a birnin nan. Ka ce wa dattijo "Baba, barka da hutawa," ka durƙusa, sa'an nan ka yi tambayarka, za ka ji labarin da babu shi a littafi.

Daura da Fada nan ne wurin Masallacin Jumma'a, kuma a kansa nake so in daɗe, domin shi ne dalilin da ya sa na ce a yi hanzari. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina shi, maginin kuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Da tubali da azarar giginya ya yi aikinsa, babu ƙarfe babu siminti. Gwanintarsa tana wajen bakan gizo. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki ita kaɗai, saboda haka sai magini ya riƙa jera ta hawa-hawa daga bango, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har bakuna biyu su haɗu a sama, sa'an nan a ɗora tuluwa a kansu. Babban Gwani ya yi wannan bisa ginshiƙai masu kauri, ya ƙawata su da zane, har masanan gini na duniya suka lissafa masallacin cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. Ana ba da labari wai bayan ya gina wani a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi. Ko labarin ya tabbata ko almara ce, ya nuna darajar da mutanen da suka ba hannun mutumin nan. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birni.

A cikin shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo na siminti, aka bar bakunan gizon a ciki. Ran Jumma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe ya rufto bisa masallata, aka yi rashin rayuka. Allah ya jiƙansu, ya sa sun yi shahada. Bayan haka aka ɗaura niyyar sake gina masallacin. Jama'a, abin da ya tsaya kusan shekara 190 ke nan, dubban mutanen ƙasar nan suna ta cewa "wata rana ma je mu gani," har ranar ta wuce su.

In ka bar Fada, sai ka ratsa unguwanni a ƙasa, gama mota ba ta shiga inda abin kallo yake. Juma da Kona unguwannin malamai ne tun da daɗewa, haka nan tamu Kusfa, inda da asuba za ka ji karatu na tashi daga zaure zuwa zaure, almajirai daga nesa suna ɗaukar fiƙihu da nahawu. Saboda irin wannan ake ce wa Zariya birnin ilimi tun kafin a san boko. Ka duba maɗinka a zaurukansu suna aikin aska biyu da aska takwas bisa manyan riguna, aikin da yakan ci watanni a kan riga ɗaya, mata kuma a cikin gida suna nasu. Ka ɗaga kai ka ga rimaye, waɗanda har unguwanni suka ci sunansu, kamar Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Ka tsaya a Dutsen Madarkaci, ka ƙarasa kasuwa ka sayi hula da mazarƙwaila ta tsaraba. Ranar farko ta ƙare ke nan, ƙafa ta gaji, ido ya ƙoshi.

Rana ta biyu ta yamma ce, wajen Wusasa da Dutsen Kufena. Ka tashi tun da sanyin safiya, ka riƙi ruwa, ka sa takalmin da ba ya santsi, ka nemi ɗan gari ya hau da kai. A gindin dutsen nan mutane suka zauna tun kafin birnin yanzu, har yau ana ganin alamun tsohuwar ganuwarsu, kuma daga ƙwanƙolinsa za ka hangi Zariya duka shimfiɗe kamar tabarma. In ka sauko sai Wusasa. Likita Mila na mishan ya zauna cikin birni a Durumin Maigarke tun 1905, wajen 1929 aka mai da mishan ɗin nan Wusasa, da makaranta da asibiti. Mu da muka yi karatun boko a hannun mishan mun san wurin sarai. Akwai tsohuwar majami'a ta St. Bartholomew wadda maginan Hausa suka gina da ƙasa, da bakan gizo irin na birni, wadda ta isa a tsaya a duba ko mutum wane addini yake bi. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wanda ke da sauran ƙarfi da abin hawa, yana iya zarcewa Turunku, kudu da Zariya cikin ƙaramar hukumar Igabi, ya ga duwatsu da kufan garin da aka ce nan gidan su Amina yake.

Rana ta uku ta bayan ganuwa ce, inda zamani ya sauka. Hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, ita ta haifi Sabon Gari a gefen tasha. Daga nan aka ja ƙaramar hanya zuwa Jos saboda kuza, wadda aka rufe a 1957, aka kuma ja wata ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Ka ga Gidan Gaskiya, wanda aka kafa kamfaninsa a 1945, inda Dokta East da Malam Abubakar Imam suka yi aikin da ya sa Hausa ta zauna daram a takarda. Ka ga Kwalejin Barewa, wadda aka fara a Katsina a 1921, ta zauna Kaduna daga 1938, ta iso Zariya a 1949, makarantar da ta yaye shugabannin ƙasar nan da dama. Ka ƙare da Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe cikin Oktoba 1962. In ka gama, ka ga ilimin zaure da na aji cikin kwana uku, a gari guda.

Yanzu ina so in kai ku nesa kaɗan, ƙasar Folan ta Turai, don akwai darasi a can, akwai kuma zumunci tsakaninsu da birnin nan wanda ba kowa ya sani ba. Suna da wani tsohon birni, Karakuf, wanda dā shi ne mazaunin sarakunansu. A farkon ƙarni na 19 hukumar garin ta rushe ganuwarsa, aka dasa itatuwa a gurbinta. Wani shehun malami ya tsaya kai da fata a bar sashen arewa, hujjarsa kuwa wai shi ke tare wa gari iska mai sanyi. Aka bar ƙofa guda da hasumiya uku da wata ƙaramar kagara a gabansu. Yau ɗan abin nan da ya tsira yana cikin abin da miliyoyin baƙi ke zuwa gani kowace shekara, kuma tun 1978 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Babban birninsu kuwa, Warso, Jamusawa sun mai da shi kufai a 1944. Da yaƙi ya ƙare sai mutanen suka ɗauko zane-zanen da aka auna aka ajiye tun kafin yaƙi, da hotunan da wani mai zane ya yi a ƙarni na 18, suka sake tsai da tsohon garin gida bayan gida, har shi ma ya shiga lissafin UNESCO a 1980.

Daga cikin mutanen ƙasar nan ne wani masanin gini, Zbigniew Dmochowski, ya zo Nijeriya ya share shekaru yana auna gine-ginenmu na gargajiya. Ya auna Masallacin Jumma'a na Zariya ya zana shi tun kafin a kewaye shi da siminti, bisa ga aikinsa kuma aka gina kwatankwacin masallacin a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Ya rasu a 1982, aka buga littattafansa uku a 1990. Ku duba fa, mutumin da ya fito daga ƙasar da ta ɗanɗana rushewar birane, shi ya zo ya riƙe mana awon namu. Wanda ya taɓa rasa abu ya fi sanin darajar ajiya.

To, mu fa? Gwamnati ta sa ganuwar Zariya da Dutsen Kufena cikin kayan tarihi na ƙasa, amma takarda ba ta tare ruwan sama, ba ta kuma kama hannun mai haƙa. Kowa ya zaga ya ga inda aka yi ta ɗibar ƙasar ganuwa ana buga bulo, da inda aka dasa harsashin gida a kanta, da inda gwalalo ya zama juji. Waɗansu wurare in ba a nuna maka ba, ba ka ce an taɓa yin ganuwa a nan. Tsofaffin soraye masu zane a fuska suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, a maye gurbinsu da bulo da kwano, maginan da suka iya bakan gizo da laso da makuba kuwa suna tsufa, 'ya'yansu sun kama wata sana'a. Ban ga laifin mai neman ɗakin da ba ya yoyo ba, gama ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma gari ya cika, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma tsakanin gyaran gida da cinye ganuwa akwai rata mai nisa.

Ga roƙona. Ga masu unguwanni da hakimai, Allah ya ba ku nasara, a hana ɗibar ƙasar ganuwa, a kuma keɓe ko da 'yan wurare kusa da kowace ƙofa a riƙa yaɓe su bayan damina, yadda kakanni suka yi da aikin gayya. Ga malaman gini na Samaru da almajiransu, a bi sorayen da suka rage a auna, a zana, a ɗauki hoto, a ajiye, tun suna tsaye. Ga masu hali, in za ku gina zaure, ku kira maginin gargajiya ya yi muku ko da ɗaki guda, don sana'ar ta sami abin ci ta rayu. Ga malaman makaranta, ku fito da yara ku zaga da su ƙofofin nan, gama yaron da ya san sunan Kuyambana da Jatau da wuya ya girma ya sa gatari a jikinsu. Ga ku baƙi kuma, zuwanku ma taimako ne, domin ran da mutumin gari ya ga wani ya taso tun daga Maraɗi don ya dubi tudun ƙasar da ke bayan gidansa, ran nan zai fara ganin girmansa.

Gani ya kori ji. Wanda ya yi niyya ya sa rana, kada ya ce sai baɗi. In Allah ya kai mu mako mai zuwa, zan amsa wa waɗanda suka tambaye ni labarin kasuwannin ƙauyen Zazzau da ranakun cinsu. Allah ya kawo ku lafiya, ya mai da ku gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawun Kusfa,
Birnin Zariya.